Ƙara wa tsohuwar Marsandi 911 ƙarfi: wane inji, kuma me zai biyo bayansa

Tambayar da aka aiko ta fito ne daga wani bawan Allah da ya gaji Marsandi 911 mai bodin katako daga mahaifinsa. Yana ɗauko doya daga Lafiya zuwa Jos da Bauchi, ya juyo da dankalin Turawa. Ya ce a Hawan Kibo motar rarrafe take yi a giya ta biyu, tana tuƙa baƙin hayaƙi, lagireto yana tafasa. Wani bakanike ya ce a ɗaura mata tobo, wato na'urar da ke tura iska cikin inji, a ƙara buɗe famfon gas, wani kuma ya ce a cire injin gaba ɗaya a sa babba na Beljiyam. Yana son sanin wanne ya fi.

Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa albarka a abin da ya bari. Na daɗe hannuna yana cikin baƙin man irin wannan mota, don haka zan yi maka magana yadda zan yi wa ƙanina.

Fara da sunan motar, domin a nan Jamusawa suka rubuta maka gaskiyarta. Lambar 9 tana nufin tan 9, wato nauyin mota da kayanta gaba ɗaya, 11 kuma ƙarfin doki wajen 110. Haka 1113 take nufin tan 11 da doki 130, haka 1513. Wannan jinsi mai gajeren hanci ya fara fitowa a 1959, kuma tun daga farkon shekarun 1980 an riƙa harhaɗa manyan motocin Marsandi a kamfanin ANAMMCO na Inugu, shi ya sa kayan gyaransu suka cika ƙasar nan. Injin da aka fi samu a cikinta shi ne OM352, silinda shida a jere, lita 5.7, wanda ya fito a 1964. Na baya-bayan da ba su da tobo suna ba da doki 130 a juyi 2,800 a minti. To ni da kai mun san abin da ake lafta wa 911 a tashar doya, ba ya kusa da abin da aka rubuta. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa idan mun zo maganar burki.

Kafin ka sayi ko kusa ɗaya, ka gano ko dokin nan 130 duk suna nan. A mafi yawan motocin da ake kawo mini da kukan rashin ƙarfi, kashi mai yawa na ƙarfin ya zube ne a hanya saboda tsufa da sakaci. Idan inji ya yi zafi, ka bar shi a sulo ka duba bututun numfashinsa na gefe. Ɗan tururi kaɗan ba komai ba ne. Idan kuwa yana huci kamar tukunyar dambu yana tofar da mai, ringi da bangon silinda sun gama aiki. A ciro nozul shida a kai wa mai gwada su, ka tsaya a kansa ka gani da idonka: mai lafiya feshi yake yi kamar hazo da ƙara mai kaifi, matacce kuma ɗiga yake yi ko ya tsarto kamar fitsarin yaro. A kai famfo kan benci a saita shi, a duba taimin, a saita bawul, a wanke matatar iska. Har totur ma a duba, domin na sha ganin motar da direba ke take feda har ƙasa, amma sandar da ke jikin famfo ba ta kai ƙarshenta ba saboda linkejin ya sassauce. Gyaran minti goma, mai mota kuwa har ya fara cinikin inji.

Baƙin hayaƙin da kake gani a Hawan Kibo ma yana da bayani. Baƙin hayaƙi gas ne da bai ƙone ba, ya fi iskar da ke cikin silinda yawa. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, kuma injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau, saboda iska tana yin shara-shara. Kafin ka isa saman tsauni ka yi asarar wajen kashi ɗaya cikin goma, daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Wanda ya ce a buɗe famfo kawai, gas zai ƙara a inda iska ce ta yi ƙaranci. Hayaƙi zai ƙaru, zafi zai ƙaru, kuɗin mai zai ƙaru, ƙarfin da za a samu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka wanda ya kawo maganar tobo ya hango inda matsalar take. Tobo iska yake turawa, kuma a kan tsauni ya fi nuna amfaninsa. Inda na rabu da shi shi ne ɗaura tobo a kan injin da ba a ƙera shi don haka ba. Marsandi da kansu sun yi OM352 mai tobo, wanda ake kira OM352A, mai doki har 168. Daga waje kamar tagwaye suke, amma a ciki akwai bambanci. Fiston ɗinsa daban ne, matsinsa bai kai na wancan ba. Yana da ƙananan bututu a ƙasan kowace silinda da ke fesa baƙin mai a bayan fiston don sanyaya shi. Famfo da nozul ɗinsa ma saitinsu daban. Galibin bulok marasa tobo ba su da waɗannan bututun fesa mai. Idan ka tura iska da gas a kan tsohon fiston ba tare da abin sanyaya shi ba, zai yi maka daɗi wata biyu ko uku, direba ya riƙa yabon bakanike a tasha, sannan wata rana a tsakiyar hawa da lodi ya ba ka amsa.

Na taɓa buɗe irin wannan. An jawo motar da sarƙa, mai ita ya ce ai tafiya take kamar jirgi sai kawai ta yi tari ta tsaya. Da muka ɗaga top, fiston na shida, wanda ya fi nisa da fanka, gefensa ya narke ya zubo kamar kyandir, alminiyon ya manne a bangon silinda har farce ba ya ɗaga shi. Wanda ya yi aikin ya haɗa bututun man tobo da tiyon roba, ya kuma murɗe famfo har ƙarshe. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Kuɗin tobo ya tafi, bulok ya tafi, doyar mutane ta kwana biyu a rana.

In ka nace sai tobo a kan 352, to ka nemi 352A cikakke. Amma da ni ne mai motar, OM366A zan nema. OM366 ya gaji 352 a 1984, lita kusan 6, gininsu ɗaya, tsawonsu kusan ɗaya, don haka yana zama cikin hancin 911 ba tare da an yi wa shasi ɓarna ba. Iri uku ne a taƙaice. Marar tobo yana da doki 136, wanda bai cancanci wahalar canji ba. Mai tobo, 366A, doki 170. Sai 366LA mai tobo da lagireton sanyaya iska, wanda ya fara daga doki 204 ya yi sama. Galibinsu famfonsu na hannu ne irin wanda kowane mai gyaran famfo a Jos ko Kano ya sani, babu kwamfuta a ciki.

Lambar doki ita mutane suka fi tambaya a kasuwa, amma a hawa ƙarfin murɗa ne yake aiki. 352 marar tobo yana ba da wajen 360 a ma'aunin Nm, 366A kuwa wajen 560, kuma yana ba da shi tun inji bai yi ihu ba. Ma'ana inda kake sauka giya ta biyu, mai yiwuwa ka wuce a ta uku, inji yana numfashi a natse. Wannan ya ishe ka. LA zai ba ka fiye da haka, sai dai sai an nemo wa lagireton iska wuri a gaban na ruwa a cikin hancin da dama a matse yake, kuma ƙarfinsa ya fi abin da sauran jikin 911 zai ɗauka cikin kwanciyar hankali. Su kuma injunan Atego, OM904 da OM906, injuna ne masu kyau a motarsu, amma da kwamfuta suke aiki. Ranar da waya ɗaya ta tsinke tsakanin Akwanga da Gwantu da dare, yaron motarka ba shi da abin yi da sifana. Manyan masu siffar V na tireloli kuwa kar ma a fara, nauyinsu kaɗai zai durƙusar da sifirin gaba.

Wajen saye, ba a cinikin biri a sama. Ko a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ne, ko ta Panteka, ko ta Ladipo, ko ta Nkpor, a ɗaura batir a tayar maka da shi a ƙasa kana tsaye, kuma ka riga su taɓa bulok ka tabbata da sanyinsa, domin injin da aka ɗumama kafin ka zo yana ɓoye aibinsa. A sa gejin mai na hannu ka ga matsin da yake bayarwa. A cire tiyon gaban tobo ka kama sandar fankar da yatsa biyu: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in tana tafiya gaba da baya ko fukafukan sun gogi bango, ka sa kuɗin wani tobo a lissafi. Ka karanta lambar da aka buga a jikin bulok, kar fenti ya ruɗe ka. Sannan ka saye shi da kayansa duka: kik, caja, kwamfuresa, filawul, kwanon da ke haɗa shi da giyabos, da kujerunsa. Waɗannan ƙananan abubuwa idan ka tashi nemansu ɗaya-ɗaya daga baya, su ne suke mayar da aikin mako biyu ya zama na wata uku. A duba ko kik da caja na bolt 12 ne ko 24 a gwada da wayarin motarka. Botom-filet, wato kwanon baƙin mai na ƙasan inji, shi ma wani lokaci sai an musanya shi tare da bututun tsotson mai don kar ya daki aksul na gaba.

Yanzu ga inda yawancin masu wannan aiki suke faɗuwa. Ƙarfin da inji ya haifa sai ya bi ta kuloci, ya shiga giyabos, ya bi furofela, ya shiga aksul, kafin ya taɓa kwalta. Duk wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai biya bashin.

Kuloci a sa na sabon injin, faifai da murfinsa, sababbi in da hali. Tsohon na 352 zai fara santsi a hawan farko, za ka ji warinsa kafin ka ga alamarsa.

Giyabos kuma akwai farantin ƙarfe a gefensa, ka goge shi da tsumma da ɗan gas ka karanta. Za ka ga abu kamar G3/40, G3/50 ko G3/60. Lambar da ke bayan sandar nan tana faɗin iyakar ƙarfin murɗar da aka gina shi ya karɓa, a tsohon ma'aunin Jamusawa, wanda in ka ninka shi sau goma ka kusa da Nm. Wato 40 wajen 400 ke nan, daidai da tsohon injinka. 366A mai 560 yana bukatar G3/60. Idan ka bar masa G3/40, ba ranar farko zai mutu ba. Zai fara da kuka a giya ta uku da ta huɗu, sai ka ga garin ƙarfe a jikin magnetin kusar zubar da mai, sai wata rana haƙora su zube. Shi ya sa na fi son mutum ya sayi inji da giyabos a haɗe, daga mota ɗaya, yadda suka yi rayuwarsu tare. Ka kuma ga dalilin da ya sa na ce a bar LA: ƙarfinsa ya haura 600, ya wuce ko G3/60 ɗin.

Idan giyabos ya canza tsawo, furofela sai an rage ko an ƙara. A nan ban yarda da mai walda na bakin titi da ke auna da ido ba. A kai wa mai lesi ya yanke, ya daidaita, a tabbatar kunnuwan kuros na gaba da na baya suna kan layi ɗaya. Furofelar da ta karkace ko da kaɗan tana girgiza mota a gudu, ta cinye santa-boris, ta kashe boris ɗin bayan giyabos. A sa kuros sababbi, araha ne idan aka kwatanta da abin da furofela ke yi idan ta tsinke ta caki ƙasa.

Sai aksul, kuma a nan akwai wani lissafi da yake ba mutane mamaki. 352 yana kai juyi 2,800, 366A kuwa a 2,600 yake tsayawa. Giya ta biyar a waɗannan giyabos kai tsaye take, juyin inji ɗaya juyin furofela ɗaya. Mu ɗauka aksul ɗinka mai haƙora 43 da 7 ne, wato furofela ta juya sau 6.14 kafin taya ta juya sau ɗaya, tayarka kuma 9.00-20 ce da ke cin wajen mita 3.1 a kowane juyi. Da tsohon inji ƙarshen gudunka wajen kilomita 85 ne a awa. Da sabon inji mai ƙarfi zai sauko wajen 79. Sai direba ya dawo yana cewa an cuce ku, inji ya fi girma amma mota ta rage gudu. Ba a cuce ku ba, haƙoran aksul ne suke magana. In aka sa mai 40 da 7, gudun zai koma wajen 85 kamar da, kuma ƙarfin da ke isa taya zai fi na da da kusan kashi 45 cikin 100. In aka sa mai 39 da 8, mota za ta kusa kilomita 100 a awa, ƙarfin hawa kuma ya ragu sosai daga abin da ka saya da kuɗinka. Ga mai hanyar Lafiya zuwa Jos da lodi, ko dai a bar aksul yadda yake, ko a tsaya a 40 da 7. Na ukun na masu yawo da mota fanko ne.

In ba ka san naka ba, ba sai an kwance ba. A sa weji a tayoyin gaba, a ɗaga tayar baya ta gefe ɗaya, a sa giya a firi, a yi wa furofela da taya alama da alli. A juya tayar sau biyu cif ana ƙirga juyin furofela. Abin da aka samu shi ne lambar aksul ɗinka. Tunda an zo nan, a zubar da mansa a duba, a ciro dogayen shaf biyu a kalli haƙoran bakinsu. In sun fara murɗewa kamar igiya, sabon inji zai ƙarasa su a ranar da direba ya saki kuloci da ƙarfi a cikin taɓo.

Tafasar da ka ambata ba za ta tafi don an canza inji ba. Inji mai doki 170 ya fi mai 130 fitar da zafi. A kai lagireto a buɗe shi sama da ƙasa a zura kowane bututu, in ya ruɓe a saƙa sabo mai layi fiye da na da. A mayar da kwandon da ke kewaye fanka, wanda kusan kowace 911 da na gani an cire an yar, alhali shi ne yake tilasta iska ta bi ta cikin lagireto maimakon ta zagaye. Tamostat ma a bar shi a wurinsa. Na san al'adar garejinmu ce a cire shi a ce ai na ƙasar sanyi ne, amma a injuna da yawa cire shi yana barin ruwa ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya shiga lagireto sosai ba. A daina ɗura ruwan rafi. Matatar iska kuma a sa babba ta takarda irin ta injin tobo, a ɗaure kowane tiyo da kilif mai kyau, domin ƙurar hunturu idan ta sami ɓaraka tana cin fukafukan tobo kamar an goga musu sanfefa. Salansa a faɗaɗa ta. Idan za ka iya samun gejin zafin hayaƙi ka ɗaura a gaban direba, ka yi, ka ce masa in allura ta doshi digiri 650 a hawa ya sauko giya ɗaya ya sassauta ƙafa.

Na ce za mu dawo kan lodi. Duk abin da muka lissafa hawa yake gyarawa. Hawan Kibo kuwa gangara ce ga mai dawowa, kuma duk wanda ya san hanyar ya san a gangarar aka fi asarar rayuka. Burkin 911 na ganga ne, na mai da iska ke taimaka masa, an auna shi a kan tan 9. Sabon inji ba ya ƙara masa komai. Haɗarin da na fi tsoro shi ne ka ga mota ta daina kuka a hawa sai ka ce a ƙara ƙwarya biyu ta doya, tunda tana ja. Tana ja, amma shasi, sifirin, tayoyi da burki duk na jiya ne. Kafin motar ta fita, a sauke ganguna huɗu a auna su, a sa laini sabo, a canza robobin silindar kowace ƙafa da ta masta, a canza tiyo, a tabbatar kwamfuresa yana cika tanki da wuri kuma iska ba ta zuba idan an kashe inji. Burkin salansa, wannan murfin da ke toshe hayaƙi idan direba ya taka maɓalli, a tabbatar an haɗa shi a sabon injin kuma yana aiki. Masu canjin inji sun saba barinsa a kwance su ce sai an dawo. Kar ka karɓi mota a haka. In kuɗinka ba zai kai inji da burki a lokaci ɗaya ba, a fara da burki, a yi wa 352 ɗin garambawul na ringi da metal da nozul, ka ci gaba da lallaɓawa zuwa kaka mai zuwa. In kuma ainihin bukatarka ita ce mota mai tan 15, ka sayar da wannan ka nemi 1513 ko wadda ta fi ta, zai fi maka sauƙi a kan mayar da 911 abin da ba ita ba.

Direbanka ma sai ya sake hali. Tobo da baƙin man inji yake rayuwa, yana juyi dubbai masu yawa a minti. Da safe a bar inji ya yi minti biyu a sulo kafin a taka shi, bayan doguwar tafiya kuma a bar shi minti biyu ko uku kafin a kashe. Wannan ɗabi'a ta taka totur sau biyu da ƙarfi sannan a kashe mota a tasha don a san an iso, ita ce take kashe tobo. Juyen baƙin mai da filta a kan lokaci, da mai na gaske, ba na jarka da ba a san asalinsa ba.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin daga wanda ya sayar maka, ka je ofishin lasin a gyara takardun mota, don kar jami'an hanya su same ka da lamba biyu. Tafiyar farko a yi ta fanko, ta biyu da rabin lodi, bakaniken da ya yi aikin yana zaune a gaba kusa da direba. A tsaya a ƙasan Hawan Kibo a taɓa giyabos da aksul da bayan hannu, a leƙa ƙarƙashi a ga ko wani abu yana ɗiga, a sake tsayawa a sama a yi haka. Bayan tafiya biyu ko uku a sake bin kusoshin kujerun inji da na furofela da sifana, domin sabon ɗauri yakan saki.